Babi na Huɗu: Mai Rabo a Cikin Na'ura

A tsakiyar shekarun 1950, injiniyan da ke son kwamfuta ta yi masa lissafi a wani kamfanin Amurka sai ya fara kama layi. Zai rubuta sunansa a takarda, a ware masa sa'a guda ko rabin sa'a. In lokacinsa ya yi, ya shiga ɗakin na'urar rungume da tulin katuna masu huji, kowane kati ɗauke da layi ɗaya na umarni. Ya loda katunan, ya ɗaura tef, ya daidaita maɓallai, sannan ya tayar da ita. Duk wannan kai-kawo da yake yi, na'urar da kamfani ke zuba dubban daloli kuɗin hayarta kowane wata tana zaune ne kawai tana shan wuta. Idan kuma aikin ya cije a tsakiya, gogan naka zai tsaya ya ƙura wa fitilun allo ido yana laluben inda ya yi kuskure, na bayansa na bakin ƙofa yana duban agogo.

Masu biyan kuɗin haya ne suka fara gajiya. A 1956, injiniyoyin kamfanin motoci na General Motors da na kamfanin ƙera jiragen sama na North American Aviation, da Robert Patrick da Owen Mock a kan gaba, suka rubuta wa kwamfutar IBM 704 wata 'yar manhaja mai suna GM-NAA I/O. Aikinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da muke gani yau. Ana tara ayyukan mutane da yawa a jera su a tef ɗaya, ita kuma tana zaune a cikin na'urar, da zarar aiki ɗaya ya ƙare sai ta jawo na gaba ba tare da jiran kowa ba. Masana tarihin kwamfuta da yawa daga nan suke fara lissafin babbar manhaja, wato kakar su Windows da Android da Linux ke nan. Mai karatu ya riƙe dalilin haihuwarta, domin kusan duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro: kaya ɗaya ne mai tsada, masu so da yawa, dole a sami mai rabawa.

Na'ura ta daina zaman banza, mutane kuma suka shiga uku. Yanzu ba ka ma isa ka shiga ɗakin ba. Ta taga za ka miƙa wa ma'aikaci katunanka, ka tafi, ka dawo bayan sa'o'i ko washegari ka karɓi takardar sakamako. Sau da yawa abin da takardar za ta gaya maka shi ne ka manta waƙafi ɗaya a wani kati. Ka gyara, ka sake miƙawa, ka sake kwana.

Kowa gani yake tasa ce

Malaman jami'ar MIT ba su iya haƙuri da wannan ba. Tun a 1959 John McCarthy ya rubuta wa shugaban cibiyar kwamfutarsu takarda, yana ba da shawarar a raba lokacin na'urar tsakanin mutane da yawa, kuma a watan Nuwamban 1961 Fernando Corbató da tawagarsa suka nuna abin yana aiki a kan IBM 709. Sunan tsarin CTSS. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta: tsakanin danna harafi ɗaya da danna na biyu, kwamfuta za ta iya yin lissafi dubbai. Me zai sa ta zauna jiran yatsun mutum ɗaya? Sai aka jona mata tafireta da yawa, tana ba kowacce ɗan guntun sakan, tana zagayawa. Da aka koma kan IBM 7094, mutum kusan 30 kan yi aiki a lokaci guda, kowa daga inda yake zaune.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da daddare ya ga irin wannan. Hannu biyu gare shi, risho ɗaya, mutum takwas a benci. Ya fasa ƙwan wannan ya zuba a kasko, kafin ya soyu ya juya ya haɗa wa wancan shayi, ya yanka wa na uku burodi, ya dawo ya juya ƙwan bai ƙone ba. Kowa a bencin gani yake shi ake yi wa aiki. Rabin gwanintar saurin hannu ne, ɗaya rabin kuma tuna inda ya tsaya a aikin kowa: wa ya ce kar a sa masa sukari, wa ya riga ya biya.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Furosesa, wato sashen da ke yin ainihin lissafin, umarni ɗaya take bi bayan ɗaya. Duk lokacin da take kan aikin wata manhaja, babbar manhajar ba ta motsi ko kaɗan, tana ajiye a gefe. To idan manhajar nan ta riƙe furosesa ta ƙi saki, ko don mugunta ko don kuskuren wanda ya rubuta ta, wa zai ƙwato? A jikin ƙarfen aka dasa maganin. Akwai ɗan agogo a cikin na'urar da ke bugawa sau ɗaruruwa a sakan ɗaya, kuma duk bugun da ya yi, tilas furosesa ta saki abin da ke hannunta ta koma wurin babbar manhaja. Ita kuma sai ta rubuta daidai inda aka tsaya da lambobin da ake kan juyawa, ta duba layi, ta zaɓi na gaba, ta mayar masa da nasa lambobin kamar ba a taɓa katse shi ba. Danna harafi, taɓa fuskar waya, shigowar saƙo ta intanet, duk ta irin wannan katsewa suke yin sallama. Wayar da ke aljihunka tana iya zama da furosesa takwas a haɗe, amma ayyukan da ke jiransu ɗaruruwa ne, saboda haka har gobe rabon nan ake yi.

Tara mutane a na'ura ɗaya ya haifo wata rigimar. Kowa na ajiye fayilolinsa a faifai ɗaya da na kowa, to me zai hana ɗalibi leƙa aikin malaminsa? Corbató da mutanensa suka ba kowa suna da kalmar sirri, kuma CTSS na cikin tsare-tsaren farko da aka san sun yi haka. Ba a je ko'ina ba aka sace su. Wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Allan Scherr, wanda aka ware wa sa'a huɗu a mako alhali bincikensa na neman fiye da haka, ya gano cewa kalmomin sirrin duk suna cikin fayil ɗaya, a rubuce ƙuru-ƙuru. Sai kawai ya tura buƙatar a buga masa fayil ɗin a takarda, aka kuwa buga. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa.

Daga Multics zuwa Unix

Shekarun 1960 shekarun buri ne. A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM ya sanar da jerin kwamfutocinsa na System/360, da alƙawarin cewa manhajar da aka rubuta wa ƙaramar za ta yi aiki a kan babbar. Rubuta babbar manhajarsu, OS/360, ya tara mutum sama da 1,000 a lokacin da aikin ya yi zafi, ya makara, ya fito cike da kurakurai. Fred Brooks da ya jagorance shi ya rubuta littafi a 1975, The Mythical Man-Month, inda ya nuna cewa aikin manhaja in ya makara, ƙara masa ma'aikata ƙara masa makara yake yi, domin sababbin sai an koya musu, tsofaffin kuma sai sun bar aiki sun koyar.

MIT da General Electric da ɗakin binciken Bell Labs su ma suka haɗu a kan Multics, tsarin da suka so ya ba ɗaruruwan mutane hidimar kwamfuta dare da rana ba yankewa. Wankin hula ya nemi kai su dare, Bell Labs ya janye a 1969. Multics ba ta mutu nan take ba, ta ƙarshe sai a watan Oktoban 2000 aka kashe ta a Halifax ta ƙasar Kanada, amma ba ta taɓa zama ta kowa da kowa ba.

Janyewar ta bar ma'aikatan Bell Labs Ken Thompson da Dennis Ritchie ba wurin aiki mai daɗi irin wanda suka saba. Thompson ya samo wata PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, wadda ma'adanar aikinta ba ta kai kilobait 20 ba, wato ba za ta iya ɗaukar hoto ɗaya na wayar yau ba. Da matarsa ta tafi Kalifoniya ziyara da ɗansu a wannan shekarar, sai ya ware wa kowane babban sashe na tsarin mako guda, ya zauna ya rubuta. Ƙarancin wuri ya tilasta masa zubar da duk abin da ba dole ba. Abin da ya rage shi ne Unix: fayiloli a cikin folda, folda a cikin folda, na'urar buga takarda da faifai da allon rubutu duk a yi musu magana yadda ake yi wa fayil, ƙananan manhajoji kowacce ta iya abu ɗaya sosai, daga baya kuma aka riƙa jona bakin wannan da kunnen waccan, shawarar da Doug McIlroy ya daɗe yana nacin a yi. Har kuɗin sayen sabuwar na'ura, PDP-11, sai da suka haɗa da alƙawarin za ta taimaka wajen shirya takardu, masu buga takardun sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na kamfanin suka zama masu amfani da ita na farko. A 1973 suka sake rubuta Unix da harshen C da Ritchie ya ƙirƙiro. Kafin nan yawancin manyan manhajoji da harshen na'ura ɗaya ake rubuta su, su rayu da ita su mutu da ita. Yanzu ga wadda za a iya ɗauka a kai wata na'urar.

A ganina, kyawun Unix kaɗai da bai kai ta inda ta kai ba. Wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka ta 1956 ta hana AT&T, uwar Bell Labs, shiga kasuwancin da ba na tarho ba. Tunda ba damar sayarwa a ci riba, sai aka riƙa ba jami'o'i ita a kan kuɗi kaɗan, haɗe da ainihin rubutunta. John Lions na Jami'ar New South Wales a Ostareliya ya bi cibiyar Unix bugu na shida, wadda ba ta kai layi 10,000 ba, ya yi mata sharhi don ɗalibansa, aka yi ta kwafar sharhin hannu da hannu a duniya. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da nata reshen, BSD, wanda jininsa ke cikin kwamfutocin Apple da iPhone har yau. Ritchie ya rasu a Oktoban 2011, kwanaki kaɗan bayan Steve Jobs. Duniya ta cika da jimamin Jobs, ba kowa ne ma ya ji labarin mutumin da kayan Jobs ke tsaye a kan aikinsa ba.

Ciki da waje

Furosesa tana da yanayin aiki iri biyu. A ɗaya komai ya halatta: a taɓa kowane lungu na ma'adana, a yi magana da faifai da kyamara kai tsaye, a dakatar da katsewar agogon nan ma in an so. A ɗayan kuwa an ɗaure hannu, duk umarnin da ya ƙetare iyaka furosesa za ta ƙi bi, ta kai ƙara. Sashen babbar manhaja da ke zaune a yanayi na farko shi ake kira kanel. Sauran duka, daga burauza zuwa manhajar banki har 'yan hotunan da kake dannawa a fuskar waya, a waje suke. Wadda ke waje in tana son wani abu roƙo take yi, ta wasu ƙofofi ƙidayayyu: buɗe mini fayil kaza, ƙara mini wuri, aika mini wannan. Linux tana da irin waɗannan ƙofofi sama da 300.

A ce ka ɗauki hoto a WhatsApp ka tura wa ɗan'uwanka. Manhajar WhatsApp ba ta san irin kyamarar da ke wayarka ba, kuma ba ta da ikon taɓa ta. Buƙata take miƙa wa Android. Android ta duba ko ka taɓa yarje mata amfani da kyamara, sannan buƙatar ta gangara har ta isa ga direba, wato 'yar manhajar da ta san yaren wannan kyamarar ita kaɗai. Hoton ya dawo, a ware masa wuri a ma'adana, a rubuta shi a fayil. Wajen turawa kanel ya yayyanka shi ƙanana, ya lulluɓe kowane yanki da adireshi, ya miƙa wa wani direban da ya san sashen sadarwar wayar. Duk wannan kan ka ɗauke yatsa. Amfanin tsarin shi ne mai rubuta WhatsApp sau ɗaya zai rubuta, ta yi aiki a Samsung da Tecno da itel. Wahalar bambancin ƙarafuna ta koma kan direbobi, shi ya sa a cikin layuka sama da miliyan 30 na kanel ɗin Linux, fiye da rabi nasu ne.

Rabon ma'adanar aiki, wato RAM, ya fi rabon lokaci wayo, domin a nan babbar manhaja ƙarya take shirga wa kowa. Kowace manhaja ana nuna mata fili mai faɗi a ce nata ne ita kaɗai, da jerin adireshi nata. Adireshin nan na bogi ne. An yayyanka RAM gida-gida, yawanci kilobait 4 kowane gida, kanel na riƙe da rajistar wane adireshin bogi ne ya dace da wane gida na gaske, furosesa kuma na bin rajistar a duk taɓawa. Manhajar wasa ba za ta iya karanta abin da ke cikin manhajar banki ba, domin a rajistarta babu ma hanyar zuwa can. In RAM ta cika, sai a kwashe gidajen da aka daɗe ba a leƙa ba a kai faifai, a dawo da su in an nema. Kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester, wadda Tom Kilburn ya jagoranci ƙera ta, ita ta fara aiki da wannan dabara a 1962.

Android ta fi zafin hannu. Takan fara matse abin da ke RAM don ya rage cin wuri, in hakan bai isa ba sai ta fara kisa. Shi ya sa a waya mai RAM gigabait 2, kana cike fom ɗin neman aiki a burauza, ka fita ka kwafo wata lamba a saƙo, ka dawo ka tarar shafin ya koma farko. Wayar lafiyarta ƙalau. Hukunci aka yanke, aka kashe wadda ba ta gabanka don wadda ke gabanka ta sami wuri. Bari in ɗan ratse kan manhajojin nan masu hoton tsintsiya da ke alƙawarin share RAM su ƙara wa waya gudu. RAM da ke zaune wayam ba ta amfana wa kowa komai. Abin da suke kora shi ne abin da Android ta ajiye da gangan don ya buɗe da wuri, sai an sake lodo shi daga tushe, batir ya ƙara zuba, su kuma su nuna maka talla.

Fayil ma ƙirƙirar babbar manhaja ce. Faifai ko katin memori gidaje masu lamba kawai ya sani, ita ce ke riƙe da jadawalin cewa bidiyon biki yana gida kaza da kaza. In ka goge fayil, galibi sunan kawai ake sokewa a jadawalin, abin da ke ciki yana nan sai ranar da aka rubuta wani abu a kansa. Mai sayar da tsohon katin memori ko filash ya san da wannan. Haka kuma in ka fizge filash ana tsakiyar gyara jadawalin, fayilolin na iya kasancewa a ciki amma hanyar zuwa gare su ta ɓace.

Wa ya fi gaggawa?

Raba-daidai yana da kyau a jami'a. Akwai inda zai iya jawo asarar rai. Ranar 20 ga Yulin 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na gangarowa zuwa doron wata, sai kwamfutar kumbonsu ta fara nuna lambar gargaɗi 1202, daga baya 1201. Ma'adanar aikinta kusan kilobait 4 ce kacal, ga kuma wata na'urar rada da ba a buƙatarta wajen sauka tana ta katse furosesa tana cinye mata lokaci. Aiki ya fi ƙarfinta. Amma Hal Laning na MIT ya tsara mai rabonta ta yadda kowane aiki ke da daraja, tawagar da Margaret Hamilton ke cikin jagororinta kuma ta gina manhajar ta yadda in abu ya cushe za ta watsar da komai ta sake tashi nan take, ta ɗauko muhimman ayyuka daga inda suka tsaya. Haka ta yi ta yi: ta riƙe sarrafa inji da lissafin hanya, ta saki ƙananan. A cibiyar kula da tafiyar da ke Houston, Jack Garman yana da jerin lambobin gargaɗin da ya rubuta da hannunsa, ya tabbatar wa abokin aikinsa Steve Bales cewa wannan ba ta hana sauka, aka ce su ci gaba.

Daraja ita ma tana da nata tarkon. Kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yulin 1997, bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa, mai aiki da babbar manhajar VxWorks, ta fara kashe kanta tana sake tashi. Ga abin da ke faruwa. Wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi yakan kulle wata ma'ajiyar bayanai da kowa ke amfani da ita, don ya yi rubutu. Kafin ya gama, sai aiki mai matsakaiciyar daraja ya zo ya ture shi daga furosesa. Babban aiki ya zo yana son ma'ajiyar, ya tarar a kulle, makulli na hannun ƙarami, ƙarami kuma ba ya samun damar motsawa balle ya buɗe. Na tsakiya ya tare babba ba tare da ya sani ba. Wani mai gadi a cikin tsarin, in ya ga babban aiki bai kammala a kan lokaci ba, sai ya ɗauka komai ya lalace ya sake tayar da kwamfutar. Injiniyoyin JPL, masu kula da kumbon, suka yi ta gwaji da irin na'urar a ɗakin bincikensu har matsalar ta bayyana, suka aika gyara daga nan duniya: duk ƙaramin da ke riƙe da makullin da babba ke jira, a ara masa darajar babban har ya saki.

Komawa baya, sannan gaba

Da kwamfutar tebur ta zo, sai aka watsar da yawancin wannan ilimi, domin na'urar ƙarama ce kuma ta mutum ɗaya. Gary Kildall ya rubuta babbar manhajar CP/M a 1974. Da IBM ya zo neman babbar manhaja a 1980 ba su daidaita da kamfaninsa ba, sai Microsoft ya samo 86-DOS da Tim Paterson ya rubuta a Seattle, ya saye ta gaba ɗaya a kan dala 50,000 a Yulin 1981, wata guda kafin IBM PC ta fito. Wayon Bill Gates shi ne bai sayar wa IBM ita ɗungurungum ba, ya riƙe ikon ba wasu kamfanoni lasisi, kuma da masu kwaikwayon IBM PC suka cika kasuwa kowa sai ya biya shi. A fasahance DOS koma-baya ce: aiki ɗaya a lokaci guda, ba katanga tsakanin ciki da waje, kowace manhaja na iya rubutu a inda ta ga dama. Tagogi da linzami, waɗanda Xerox ya haɗa a kwamfutar Alto a 1973, suka iso kasuwa ta Macintosh a 1984 da Windows a 1985, amma ado ne a kan tushe mai rauni. Sai da Dave Cutler na Microsoft ya gina Windows NT daga tushe, ta fito a 1993, sannan Windows XP ta kawo wannan tushen gidajen mutane a 2001, kwamfutar gida ta sami kariyar da manyan na'urori suka daɗe da ita.

A ɗaya ɓangaren, AT&T ya farga cewa Unix dukiya ce, daga bugu na bakwai a 1979 ya hana koyar da rubutunta a aji. Wannan ya sa Andrew Tanenbaum a Amsterdam ya rubuta MINIX a 1987 don ɗalibansa. Wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya yi amfani da ita, ta yi masa kaɗan, ranar 25 ga Agustan 1991 ya sanar cewa yana rubuta nasa kanel don nishaɗi kawai. Richard Stallman kuwa tun 1983 yake jagorantar aikin GNU na gina babbar manhaja irin Unix, sun tara kusan duk kayan aikin da ake buƙata, kanel ne bai kammalu ba. Aka haɗa biyun. A 1992 Torvalds ya sa Linux ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka ya gyara, da sharaɗin in ya rarraba gyaran ya buɗe rubutunsa ga kowa. Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da ita.

Google ya sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko ta fito a 2008, kuma kanel ɗin da ke ƙarƙashinta Linux ne. HiOS na Tecno da XOS na Infinix riguna ne a kan Android ɗin. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda aka juya tsohuwar dabara. Unix tana ba kowane mutum lamba don kar ya taɓa fayilolin wani. Waya mutum ɗaya ke riƙe da ita, sai Android ta ba kowace manhaja lambarta, ta ɗauke su a matsayin baƙin da ba a yarda da su ba. Daga Android 6 a 2015 ne waya ta fara tsayar da kai tana tambaya ko ka yarda manhaja kaza ta ga lambobin mutanenka. Katangar na nan daram, amma makullin ƙofar a hannunka aka bar shi. 'Yan Najeriya sun ga abin da danna amincewa ba tare da karantawa ba ke jawowa, lokacin da manhajojin ba da bashi suka riƙa kwashe lambobin waya suna aika wa dangi da abokan aiki saƙon tozarci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023.

Wanda aka bari ya shiga cikin kanel kuwa, ba katangar da za ta tare shi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gyara mai kuskure ga manhajarsa, wadda ke aiki a cikin kanel ɗin Windows. Da a waje take, da ita kaɗai za ta faɗi a sake buɗe ta. Da yake a ciki take, sai ta tafi da kwamfutar gaba ɗaya. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, kuma da yawa sai da ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu.

Rubutun da ya kai miliyoyin layuka ba ya rasa ɓaraka, kuma kullum ana gano sababbi. Tun 2015 Google ke fitar da gyaran tsaro na Android kowane wata, amma ba ya isowa gare ka sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka ya daidaita shi da nasa direbobin, kuma kowane kamfani na da ranar da yake daina yi wa tsohuwar waya wannan hidima. Ranar gyara na ƙarshe a rubuce take a cikin saitin wayar, a shafin bayanin manhajarta, kusa da lambar Android da ta kanel. In za ka sayi waya ta hannu, a Farm Centre ta Kano ne ko a wajen aboki, ka buɗe wannan shafin kafin ka tambayi ƙarfin kyamara. Yawancin ɓarakar da aka gano a wannan manhaja bayan ranar da ka gani a rubuce, tana nan a buɗe a wayar.